Masu Gandu da Masu Sungumi: Wa Ke Magana da Yawun Manomin Illela?

Garinmu Illela gari ne na noma da kasuwa. Gero da dawa da wake a tudu, albasa da kayan lambu a fadamar Kalmalo idan ruwa ya samu, ranar Lahadi kuma kara ta cika da shanu da tumaki da raƙuma daga ƙasar Adar da Azbin. Sakkwato na kudu da mu da tafiyar kilomita 80 da ɗoriya, Birnin Ƙonni kuwa ga ta nan a tsallaken iyaka, muna auratayya, muna zuwa wa juna suna da gaisuwar mutuwa. Na koyar da tarihi a makarantun sakandare na wannan yanki har na ajiye alli, kuma har yau ina noman gonar da na gada. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a kowane zamani akan sami waɗanda ke zuwa gaban hukuma su ce da yawun manoma suka zo, da sunan kare gado da kishin ƙasa, amma idan aka zo rabon amfanin maganar, mai sungumi ne ke zama na ƙarshe a layi. Wannan ɗabi'a tana da tarihi a ƙasarmu, kuma ya kamata yaranmu su san shi.

Marafa da ƙasar Gwadabawa

A ƙarni na 19 arewacin Sakkwato bakin daga ne. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi ba su sallama ba, Kabawa na yamma, Abzinawa kuma na saukowa daga arewa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ga cewa doki kaɗai ba ya tsare iyaka, sai an kafa garuruwan ribaɗi an zaunar da mutane suna noma. Shi da kansa ya zauna a Wurno. Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ya bi wannan sawu a Cimmola, ɗansa Muhammadu Maiturare kuma, mai sarautar Marafa, ya kafa Gwadabawa a wajajen 1882. Daga nan ya riƙa tura mutane suna sare daji suna kafa ƙauyuka, har ƙasarsa ta haɗe yankunan da yau muke kira Illela da Gada da Tangaza.

Ban raina wannan aiki ba. In ba don tsaron da Marafa ya samar ba, da kakanninmu ba su sami kwanciyar hankalin da za su gina rumbu ba. Amma ya kamata a san yadda arzikin lokacin yake. Ƙasa tana nan birjik, mutanen da za su nome ta ne ke da wuya. Saboda haka girman basarake yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa ne. Manyan gidaje suna da gandaye da rumada, inda bayi ke aikin gandu tun hantsi har azahar, sannan su koma gayaunarsu su nomi abin da za su ci. 'Yantaccen manomi kuwa yana fitar da zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, ta bi hannun mai gari zuwa sama.

Shugabannin jihadi ba su bar wannan al'amari kara zube ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi a kan hukuncin ƙasar da ba kowa da kuma haƙƙin wanda ya raya ta, Shehu Usmanu kuma a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. Ma'aunin yana nan a rubuce tun farko. Abin takaicin shi ne, kafin ƙarnin ya ƙare, da yawa daga abubuwan da aka la'anta sun dawo da sababbin sunaye ko ma da tsofaffin.

Layin Turawa da darasin Satiru

A watan Mayu 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ta ƙone garin. Shekara guda kafin nan, a 1898, Ingila da Faransa sun riga sun zauna a Faris sun zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Da Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasar da ba rijiyoyi, sai aka sake zama a 1904 da 1906 aka turo layin kudu. Jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi shi suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Ta haka Ƙonni ta koma hannun Faransa, mu kuma muka wayi gari a bakin iyaka. Aikin tilas na Faransawa, wanda ba a soke shi ba sai 1946, ya sa iyalai da yawa suka tsallako kudu, ƙauyukan wannan ɓangare suka ƙara cika.

Ranar 15 ga Maris 1903, da Turawan Ingila suka iso Sakkwato, Marafa Maiturare na cikin jagororin da suka tare su a Giginya, haka ma Sarkin Rabah Ibrahim, mahaifin Sardauna. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Waɗanda suka rage suka zaɓi zama da Turawa don a tsira da addini da tsarin mulki. Shekara uku bayan haka aka gwada wannan zama. A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, talakawa da bayin da suka gudu, ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho wanda ya fito daga ƙasar Faransa, suka kashe Turawa uku da sojojinsu. Makamansu gatura ne da fartanyoyi da kwari da baka. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu da manyan Sakkwato, har da Marafa, suka tsaya tare da Turawa. A watan Maris aka shafe Satiru, aka kashe mutum wajen 2,000, aka hana sake zama a wurin.

Daga ranar nan Turawa suka gane ba za su iya riƙe Arewa ba sai da sarakuna, sarakuna kuma suka gane abin da ya tayar wa Turawa hankali zai iya tayar musu. Wannan fahimtar juna ita ce gindin mulkin En'e. Shi ya sa ba a soke bauta farat ɗaya ba. An ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, sauran kuwa sai su yi murgu su fanshi kansu, kuma ba a rufe babin gaba ɗaya ba sai 1936. Maiturare ya zama Sarkin Musulmi a 1915 har rasuwarsa a 1924, ɗansa Muhammadu Tambari ya gaje shi zuwa 1931.

A kan ƙasar noma kuwa, Gwamna Girouard ya sa aka kafa kwamiti a 1908, inda Charles Temple, wanda ya yi Razdan a Sakkwato, ya dage cewa kada a bari a sami ajin masu mallakar ƙasa irin na Turai. Dokar 1910 ta ce dukkan ƙasar Arewa tana hannun Gwamna amana don amfanin 'yan ƙasa. A takarda ke nan babu mai gida babu ɗan haya. A aikace kuwa mai gari ke nuna wa baƙo inda zai sara, shi ke karɓe gonar wanda ya gudu saboda haraji, hakimi ke tara haraji da jangali, alƙali da dogari da gidan yari duk na En'e ne. Manyanmu ba su mallaki ƙasa da takarda ba, amma sun riƙe ƙofar shiga gona da lokacin mai noman ta.

Kakana ya sha ba ni labarin yadda wannan ke kasancewa. Ya ce da an yi ruwan shuka da dare, kafin gari ya waye sai ka ji mai shela yana zagaya unguwa: kowane gida ya fitar da mutum guda da sungumi, gobe gandun mai sarauta. Ba zan kama sunan kowa ba, domin abin ba na mutum ɗaya ba ne, zamani ne. Akan jera maza a bakin gona, makaɗi na buga gangar noma, masu sara a gaba, masu zuba iri suna take rami da diddige a baya. Da rana ta take a kawo fura a manyan ƙore, a sha a koma. Yakan ce mini, "Jikana, ba aikin ke da ciwo ba, ai mun saba. Laimar ruwan farko kwana biyu ce ko uku a wannan rairayi namu. In ka ba wani ita, kai sai ka jira ruwa na gaba, geron wani na kai gwiwa naka bai tsiro ba." Da kaka ta yi kuma ga haraji, kuma kuɗi ake so ba dami ba. Sai a sayar da gero a lokacin da ya fi araha, samari su ɗaure ƙunshi su tafi cin rani Kurmi ko Gwanja ko haƙar kuza a Jos. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma, daga 1942 zuwa 1944, da ƙarfi aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna.

Abin da ya faru a Jamus

A daidai shekarun da Marafa ke kafa ƙauyuka, wani abu na faruwa a Jamus wanda nakan kawo wa ɗalibaina, domin a can an yi wannan siyasa a fili, da ƙungiya da jarida da rajista. Gabas da kogin Elbe, a ƙasar Purushiya, akwai gidajen sarauta masu manyan gandaye da ake kira Yunka. Su ke ba da hafsoshin soja da manyan ma'aikata. Daga shekarun 1870 jirgin ƙasa da jirgin ruwa mai tururi suka fara zubo hatsin Amurka da na Rasha a Turai da araha, gandayen suka shiga bashi. Shugaban Gwamnati Bismarck ya sa wa hatsin waje kuɗin fito a 1879, mark 1 a kan kilo 100, ya ƙara zuwa 3 a 1885, sannan 5 a 1887. Wanda ya gaje shi a 1890, Janar Caprivi, ya so masana'antun Jamus su sami kasuwa a waje, ma'aikatan birni kuma su sami burodi da sauƙi, sai ya ƙulla yarjejeniyoyin ciniki ya sauko da fiton zuwa mark 3 da rabi.

Masu gandu suka ce ba su yarda ba. Ranar 18 ga Fabrairu 1893 suka taru a Balin suka kafa Ƙungiyar Manoma, Bund der Landwirte, ƙarƙashin Berthold von Ploetz. Kafin 1914 tana da mambobi fiye da 300,000, akasarinsu ƙananan manoma, amma ragamar tana hannun 'yan tsirarun manyan masu ƙasa. Sun buɗe jaridu, sun tura masu lacca ƙauye ƙauye, sun samar wa mambobi taki da iri da rahusa, kuma duk ɗan takarar da ke son ƙuri'arsu sai ya sa hannu cewa zai bi manufarsu a majalisa. Sun yi wa Caprivi gori cewa ko taƙi ɗaya na gona ba shi da shi, suka yi ta sukarsa har ya sauka a 1894. A 1899 suka kayar da shirin haƙa babbar hanyar ruwa da Sarki Wilhelm na Biyu da kansa ke so, don kada hatsin waje ya sami hanya mai sauƙi. A 1902 aka mayar musu da fito mai tsauri. A 1909 suka ƙi harajin gado, Shugaban Gwamnati Bülow ya sauka. Sun kuma kare tsarin zaɓen Purushiya mai aji uku, inda ƙuri'ar attajiri ke rinjayar ta talakawa masu yawa, har zuwa 1918.

Ba su taɓa cewa suna kare aljihunsu ba. Cewa suke yi manomi ne ƙashin bayan ƙasa, wanda ya taɓa farashin hatsi ya ci amanar Jamus. Suka ɗora laifin talaucin ƙauye a kan Yahudawa 'yan kasuwa da 'yan ƙwadagon birni. Alhali kuwa su ne ke ɗauko ɗaruruwan dubban leburori 'yan Polan kowace shekara don sun fi araha, abin da masani Max Weber ya nuna a bincikensa na 1892. Ƙaramin manomi mai kiwon aladu da shanu, wanda sayen hatsi yake yi don dabbobinsa, fiton ya ƙara masa tsada, amma ya bi tutar domin an ce masa shi da mai gandu abu ɗaya ne. A 1921 ƙungiyar ta narke cikin wata babba, wadda a Janairu 1933 ta taimaka wajen kayar da gwamnatin Schleicher, Shugaba Hindenburg, shi ma mai gandu, ya miƙa wa Hitler mulki. A 1945 aka rasa gabashin ƙasar, a yankin da Rasha ta mamaye kuma aka ƙwace duk gandun da ya wuce hekta 100. Ajin Yunka ya ƙare ke nan.

Fartanya a akwatin zaɓe

Tarihinmu bai bi wannan mummunar hanya ba, kuma zalunci ne a daidaita manyanmu da waɗancan. Amma tsarin maganar yana da kama. Da Turawa suka fara shirin tafiya, masu riƙe da En'e ne suka fara samun kujera a teburin shawara. Tun 1930 ake taron sarakuna a Kaduna, tsarin mulkin Gwamna Richards kuma ya kafa Majalisar Sarakuna. A taron Ibadan na Janairu 1950 Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce ko a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ko kuwa a koma yadda ake kafin haɗewar 1914. Aka ba ta. A ganina wannan tsayuwa ta yi wa Arewa rana, domin a lokacin ba mu da 'yan boko da za su yi gogayya da na Kudu.

Sai dai a cikin shekarar nan aka ji wata murya daga cikin gida. A watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, ya yi magana a kan cin hanci da danne talakawa. Ranar 8 ga wannan wata aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya jagoranta, wadda ta ce rikicin na tsakanin masu sarauta ne da talakawa. Da NEPU ta fara cin zaɓen matakin farko a Kano a 1951, sai Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, wadda ƙungiyar al'adu ce a da, ta zama jam'iyyar siyasa ranar 1 ga Oktoba. Zaɓen hawa hawa ne, kuma an ba En'e damar cusa kashi 10 cikin 100 na wakilai a matakin ƙarshe. NEPU ba ta sami kujera ko ɗaya ba.

Mafi yawan wakilan NPC hakimai ne da 'yan majalisar sarki da ma'aikatan En'e. Alamarta a akwatin zaɓe kuwa fartanya ce, kirarinta Salama, manufarta Arewa ɗaya al'umma ɗaya. Bayan ƙudurin Enahoro na neman mulkin kai a 1953 da ihun da aka yi wa wakilan Arewa a Ikko da rikicin Kano na watan Mayu, kishin Arewa ya zama babbar tuta. Duk wanda ya ɗaga tauraron NEPU sai a ce ya raina sarki, ya raina addini, ya sayar da Arewa ga 'yan Kudu. A garuruwan jirgin ƙasa irin su Gusau da Ƙauran Namoda, inda NEPU ta sami gindin zama, an ɗaure mutane a kotun alƙali saboda lacca ba izini ko zagin basarake, wasu kuma an tsawwala musu haraji. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa, matan Arewa kuma ba su sami ƙuri'a ba sai a shekarun 1970. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta ci kujeru 134 cikin 174 na Arewa, NEPU ta ci 8.

Gwamnatin Sardauna ta yi aiki, kuma ni kaina ɗan makarantar da irin wannan aiki ya haifar ne. Jami'ar Zariya a 1962, Bankin Arewa, masaƙar Kaduna, kamfanin siminti na Kalambaina, da horar da 'yan Arewa su riƙe ofisoshi, duk ba ƙarya ba ne. Shi kansa Sardauna, mai gona a Bakura, bai bar dukiyar a zo a gani ba. Amma a tambaya daga ina kuɗin suka fito. Hukumar Ciniki ta Arewa, wadda aka kafa a 1954, ita kaɗai ke sayen gyaɗa da auduga don fitarwa, kuma tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya. Rarar ita ke gina ayyuka, daga cikinta kuma ake ba da rance da lasisin sayen amfanin gona ga waɗanda ke kusa da jam'iyya. Dokar ƙasa ta 1962 ta tsare filayen Arewa daga baƙi, amma ba ta tsare ƙaramin manomi daga babban maƙwabcinsa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Haraji da jangali ma sai a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su a jihohinsu.

Daga Bakolori zuwa rufe iyaka

Bayan 1966 sojoji suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rage abin da ya saura. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mayar da filaye hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo. Daga nan aka sami masu gandu na takarda: tsofaffin hafsoshi, manyan ma'aikata, 'yan kwangila. A karon farko Arewa ta sami ajin da Temple ya ji tsoro.

Bakolori ta nuna inda ƙaramin manomi ya tsaya a wannan sabon tsari. An datse kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara da sunan noman rani na zamani, ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka baje wasu gonakin shekaru ba a noma su ba, diyya kuma ta maƙale. Manoma suka tare hanyoyi. A ƙarshen Afrilu 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta ce mutum 20 da 'yan kai suka mutu, masu bincike suka lissafa 386. A ranar nan babu wata ƙungiyar manyan manoma da ta tsaya musu.

Mu kuma a Illela, iyaka ce ke kawo mana siyasar manya har ƙofar gida. An rufe ta daga Afrilu 1984 zuwa 1986, a tsakiyar fari, har 'yan'uwanmu na Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar sunan shugaban da ya rufe. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa kuɗin waje, aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Kebbi a watan Nuwamba, shirin da ya ci fiye da naira tiriliyan 1 kuma kaso mai yawa bai dawo ba. Ranar 20 ga Agusta 2019 aka sake rufe iyakokin ƙasa, ƙungiyoyin manoman shinkafa da na masu injin casa suka fito suka yaba, aka ce mu ci abin da muka noma, kishin ƙasa ke nan.

Hujjar tana da ƙarfi. A lokacin shinkafar Tailan da Indiya na sauka a Kwatano ta ratso Nijar ta shigo ta ɓarauniyar hanya, kuma ƙasar da ba ta ciyar da kanta tana cikin haɗari. Manoman fadama a Kebbi da Wurno da Goronyo sun ga alheri, an kuma kafa injinan casa. Amma ga abin da idona ya gani. Manyan motoci sun yi layi a bakin gari makonni, albasa na tsiro tana ruɓewa cikin buhu, ruwanta na ɗiga ƙarƙashin mota. A watan Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, famfunan garinmu suka bushe, mai injin ban ruwa ya koma sayen galan wajen 'yan bumburutu. Kara ta yi sanyi, dillalai da masu lodi da masu sayar da abinci suka zauna. Yaran da na koyar suka hau babura suna bin daji da buhu biyu cikin dare, wasu ba su dawo da lafiya ba. Na tsaya kusa da wata dattijuwa a rumfar masu awo, ta kwance bakin zanenta ta ƙirga kuɗi sau biyu, sannan ta ce, "Alhaji, rage mini, auna rabin tiya." Manomiya ce, da gonarta. Amma geronta ya ƙare tun kafin bazara, kamar na yawancin ƙananan manomanmu, ta koma mai saye. Tsadar hatsi riba ce ga mai rarar da zai ajiye a sito, ga wanda rumbunsa ya ƙare kuwa azaba ce. An buɗe Illela ranar 16 ga Disamba 2020, tare da Seme da Maigatari da Mfum, amma farashin bai koma inda yake ba.

Abin da ya rage gare mu

Ba laifi ba ne manyan manoma su haɗa kai su nemi biyan buƙatarsu wurin hukuma, haƙƙinsu ne. Ba laifi ba ne a so gado da sarauta da Arewa, ni ma ina son su. Laifin yana wurin a tara mai hekta 500 da mai kadada biyu a ce buƙatarsu ɗaya, sannan duk wanda ya nemi a yi lissafi a kira shi maras kishi. Da haka aka ja ƙananan manoman Jamus, da haka aka rufe bakin 'yan NEPU, da haka kuma aka yanke hukuncin rufe iyaka ba tare da an tambayi mutanen da ke zaune a kanta ba.

Kirana ga manoman Illela da Gada da Tangaza da Gwadabawa shi ne, kowace unguwa ta kafa ƙungiyarta ta gaskiya, da shugabannin da ke kwana cikinta, da littafin da kowa zai iya dubawa. Idan an kawo taki ko rance, a karanta sunayen waɗanda suka samu a bainar jama'a. Wanda ke da gonar gado ya nemi takardarta tun kafin wani ya riga shi. Iyayenmu sarakuna kuma, Allah ya ja zamaninku, ku zama bakin talakawanku a gaban gwamnati, domin ma'aunin da Shehu da Malam Abdullahi suka bari yana kanku kafin kowa. Duk wanda ya zo mana da sunan manoma ko Arewa ko kishin ƙasa, mu karɓe shi da mutunci, mu kuma tambaye shi wa zai ci riba, wa zai biya, kafin mu ba shi ƙuri'a ko sa hannu.